Amsar Tambaya: Wa Ya Ƙirga Shekarun Duniya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar sakandare ce daga Kusa, bakin iyakar Jibiya. Malaminmu na bayoloji ya ce duniya ta shekara biliyan 4.5. To wa ya zauna ya ƙirga?

Amsa: 'Yata, ba wanda ya ƙirga da yatsa, duwatsu aka auna. Yuraniyam, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar, yakan rikiɗe sannu a hankali ya koma darma, kuma an san saurin rikiɗar. Idan aka auna nawa ya rage a cikin dutse, nawa ya zama darma, sai shekarunsa su fito. Ta haka Clair Patterson na Amurka ya fitar da biliyan 4.55 a 1956. Kafin shi, Lord Kelvin ya yi kirdadon miliyoyi kawai, hujja ta zo ta ture lissafinsa. Haka kimiyya take, ba ta jin kunyar gyara.

Shaida ma ba ta yi miki nisa ba. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato cike take da ɓawon halittun teku, alamar ruwa ya taɓa shafe wurin. A Gadufawa kuma, cikin hamadar Tenere, an tono ƙasusuwan wani makeken kada da ya rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. Kada a tsakiyar rairayi fa!

Saboda haka kada ki tsaya ga haddar lambobi don WAEC kawai. Gobe in kin shiga aji, ki ɗaga hannu ki tambayi malaminku yadda aka auna.