Kafin Ka Bari a Shafa wa Motarka Seramik

Ya ku masu motoci na Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Safo, Gabi da Sarkin Yamma. Sana'ata wankin mota, folish da shafa man kariya, da ita nake ci da iyalina. Ɓacin rai ne ya sa na yi wannan rubutu. Wasu mutane sun fara yawo gari-gari da mashin a jaka da ƴar kwalba a aljihu suna cewa seramik suke yi, kuma ɓarnar da suke yi wa dukiyar jama'a ta wuce a yi shiru.

Akwai wani dattijo mai fataucin zogale da tattasai daga ɓangaren Jiratawa, yana da Corolla baƙa. Na san motar tun isowarta, a wurina aka yi mata wankin farko. Fentin kamfani ne daga gaba har baya, ko ƙofa ɗaya ba a taɓa fesawa ba. Kowa ya san yadda mota ta yi tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, don haka irin wannan mota a hannun mai ƙaramin ƙarfi jari ce. Shi ma haka ya ɗauke ta. Niyyarsa ya sayar bayan damina ya yi wa ƴarsa kayan ɗaki, har wani a Maradi ya riga ya taya.

Da ya shigo da ita bayan ɗaukewar ruwa, sai da na dubi lamba kafin na yarda ita ce. Rufin ya yi toka-toka, murfin inji ya dushe, bayan but ya fara yin fari a tsakiya. Na ce, "Alhaji, wa ya taɓa motar nan?"

Ya ce, "Wallahi ɗana, wani yaro ne ya same ni ranar kasuwa. Ya nuna mini a waya, ana zuba ruwa yana gangarewa, ana kunna wuta a kan mota ba ta ci. Ya ce shekara 10 ba ruwana da folish, ko ƙusa ba ta karce ta. Ya ce ma ba sai na riƙa wankewa ba, a kaɗe ƙura kawai."

Jika 60 ya karɓa. A watan Afrilu aka yi aikin, a ƙofar gida, a tsakiyar rana, bayan Azahar, kafin La'asar ya gama ya hau kabu-kabu ya tafi. Na tambaya ko ya wanke motar kafin ya sa mashin. Alhaji ya ce a'a, tsumma ya sa ya share ƙurar, ya ce ruwa yana hana maganin kamawa. Nan raina ya fara ɓaci. Baƙar mota a ranar Afrilu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, ƙarfen saman kuwa yakan haura 70, ko tafin hannu ba ka iya ajiyewa a kai. A kan wannan ne mutum ya ɗora mashin da man guga mai kaifi, ga yashi kwance a jikin fenti.

Muka wanke ta, muka cire maiƙo, muka shigar da ita rumfa na haska fitila. Ko'ina zanen mashin ne, da'ira a kan da'ira, wasu har farce yana maƙalewa a ciki. A kan ƙashin murfin inji da gefen ƙofar direba ya ƙone berni, wato shafin ƙyalli na saman fenti, ya wuce kala, farar ƙasan ta leƙo. Robobin gilashi duk busasshen man guga ya yi musu fari. Na sa na'urar awon kaurin fenti: ƙasan ƙofofi, inda hannunsa bai kai sosai ba, wajen maikuron 120. Rufi kuwa 70 da ƴan kai, wani wurin ma bai kai ba. Ma'ana a yini ɗaya ya cinye abin da ya kamata ya raka motar har tsufanta, rana ta zo ta ƙarasa sauran.

Alhaji ya ciro sauran kwalbar daga aljihun mota. An rubuta 9H da manyan haruffa, ba sunan kamfani, ba adireshi, ba ranar ƙarewa. Na ɗiga a ƙyalle na ajiye. Seramik na gaskiya, ƙyallen da aka shafa shi da shi kafin gari ya waye ya ƙandare, sai dai a jefar. Wannan washegari yana nan luƙwi da maiƙonsa. Man silikon ne irin na ƙyallin taya. Shi ya cike zanen ya ɓoye shi, motar ta yi ta walƙiya mako biyu zuwa uku, ruwan farko ya wanke shi, asiri ya tonu. Lambar yaron kuwa tun tuni ba ta shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da dattijon ya dafa motar ya ce, "To ɗana, kai goge mini ita ta dawo, ko nawa ne." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, abin da ake gogewa shi ne babu. In na sa mashin a rufin nan kala zan kwaso." Sai dai mai fenti: rufi, murfin inji, but, da ƙofa ɗaya. Kuma shi ya sani, ni na sani, da zarar dillalin Maradi ya ga sabon fenti a rufi zai ce motar ta taɓa faɗuwa, ko rantsuwa aka yi masa da Alƙur'ani sai ya rage kuɗi. Ya zauna a benci ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Allah ya isa." Ya biya kuɗin shafi, zai biya na fenti, zai kuma sayar da ragi.

To ku ji da kyau.

Berni ba ya tsirowa. Duk ƙyallin da mashin ya fito da shi, daga jikinsa aka ɗebe.
Babu kwalbar da ta fi ƙarfin yashin ƙasar nan.
Wanda ya yi maka seramik a fili, a rana, cikin awa biyu, ya cuce ka.

Fentin motarka gaba ɗaya, daga ƙarfe zuwa sama, kaurinsa kusan na takardar littafi guda ne, tsakanin maikuron 100 zuwa 150 a yawancin motoci. Berni a ciki 40 ne zuwa 50, kuma shi ke tare zafin rana. Ba a so a ɗebe fiye da kusan rubu'insa a duk rayuwar mota. Motocin da ke zuwa mana daga Turai da Amurka kuwa yawanci an riga an goge su kafin a loda, wasu an sake gogewa a tashar jirgin ruwa don su ɗauki ido. Saboda haka duk wanda zai sa wa motarka mashin bai auna ba, caca yake yi da dukiyarka. Tambaye shi na'urar awo. In ya ce idonsa ya ishe shi, karɓi makullinka.

Wannan 9H da ake ruɗar ku da shi gwajin fensir ne, wato fensir mai taurin 9H bai karce shafin ba. Shi ke nan. Ƙurar da hunturu ke kwaso mana akwai ƙwayar yashi a ciki da ta fi gilashi tauri. Dubi gilashin gaban duk motar da ta yi shekaru tana bin hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa, ka ga yadda waifa ta zane shi. Abin da ya ci gilashi, shafin da bai wuce maikuron ɗaya ko biyu ba ne zai tare shi? Tsakuwar burji ma haka, in tayar babbar mota ta harbo ta sai ta fasa, da seramik ko babu.

Kada a ce na ce man kariya banza ne, ni ma shi nake sayarwa. Amfaninsa datti ba ya kamawa da wuri, wanki ya yi sauƙi, kashin tsuntsu ya ba ka lokaci kafin ya ci, launi ya daɗe bai koɗe ba. Amma kowanne da iyakarsa. Kaki a zafin nan namu makonni ne. Man rufi na kamfani watanni ne, in ya kai rabin shekara ka gode Allah. Seramik na gaskiya kamfanoni kan rubuta shekara 2 zuwa 5, da sharaɗin wanki mai kyau, kuma motar da ke kwana a waje tana yini a rana kada mai ita ya sa ran ƙarshen lissafin. Wanda ya ce maka shekara 10 ba wanki, ƙarya yake yi.

Aikin ma ba a kwalbar yake ba. Wanki, cire kwalta da maiƙo, bi da lakar goge fenti, awo, folish gwargwadon abin da fenti zai ɗauka, sake cire maiƙo, sannan shafi ɓangare-ɓangare a rufaffen wuri, ƙarfe da sanyi. Mota ta kwana ruwa bai taɓa ta ba, ta yi kusan mako ba sabulu. Ko seramik ɗin na gaskiya ne, in aka shafa shi a ƙarfe mai zafi bushewa yake yi kafin a share, ya bar tabo baƙi-baƙi mai bakan gizo da ba ya fita sai da mashin, an sake cin berni ke nan. Da hunturu kuwa, in rumfar a buɗe take, ƙurar da ke yawo a iska za a rufe a ƙarƙashinsa.

Ku ma masu motoci da laifinku, kuma shi ya fi ba ni haushi. Mutum zai biya kuɗi a yi masa aiki mai kyau, washegari da asuba ya miƙa wa yaron gida busasshen tsumma ya ce share mota. Tsumman nan jiya a ƙasa ya kwana. Bayan wata biyu ya dawo mini yana faɗa wai maganina ba shi da kyau. Dattijon nan ma haka aka yi ta kaɗe masa ƙura kullum safiya tsawon watanni, bisa shawarar wancan azzalumi. Kada a taɓa fenti a bushe. In babu ruwa, bar ƙurar a kai, ba ta cin komai sai an goga ta. A fara kwarara ruwa, sannan soso mai laushi, bokiti biyu, daga sama zuwa ƙasa, na taya daban.

A daina wanke mota da Omo da Klin da sabulun kwano. Suna kwashe kaki da man rufi, su busar da roba. Sabulun mota ba shi da tsada kamar yadda kuke tsammani, murfi ɗaya ya ishi bokiti.

Masu shafa gazuwal ko baƙin mai a tsohuwar mota don ta yi ƙyalli ranar sayarwa, ku ji tsoron Allah, ha'inci ne. Man birki kuwa cin fenti yake yi kai tsaye, in ya ɗiga a wanke nan take.

Inuwar bedi tana da daɗi, amma kashin tsuntsu da na jemage da ke zubowa daga sama, in rana ta gasa shi a kan baƙar mota, yini ɗaya ya isa ya bar shaida. A jiƙa shi da ruwa ya yi laushi a ɗauke, kada a kankare da farce. Ruwan rijiyar burtsatse in ya bushe da kansa a rana yana barin zobe-zoben gishiri, don haka a wanke da safe ko da yamma, a tsane da tawul mai laushi. Tamfol a kan mota mai ƙura, iska na kaɗa shi dare guda, shi ma guga ce.

Wanda aka yi wa sabon fenti ya dakata aƙalla wata guda kafin a rufe shi da komai, ya tambayi mai fentinsa. Abokan sana'a, ku sa wa yaranku safar hannu da abin rufe hanci. Kuma don Allah a daina shiga da mota bakin tabki ana wanki. Tabkin Madarumfa daga shi ake kamo kifin da muke ci, dabbobi na sha, baƙi na zuwa ziyarar waliyyai a gefensa, bai kamata kumfar Omo da baƙin mai su riƙa gangarawa ciki ba.

Na sake faɗa, kada a share mota a bushe. Na sake faɗa, kada a sa mata mashin ba awo.

Duk wanda ya zo maka da maganar seramik, tambaye shi inda rumfarsa take, ka je ka gani da idonka. Ya nuna maka kwalbar a rufe, da sunan kamfani da kwanan wata. Ya auna fenti a gabanka. Ya nuna maka motar da ya yi wa aiki bara, ka je ka dube ta a rana. In ya kasa ko ɗaya daga cikin waɗannan, riƙe kuɗinka, ka sayi sabulun mota da tawul mai kyau, sun fi maka alheri. Wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai karanta ba, musamman iyayenmu dattawa, domin su aka fi nema. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu halal.