Soda ba gishiri ba ce

Daga Bayan Dutse, a nan Narayi, aka kawo mana wani yaro, ɗan shekara 15, da tsumma ɗaure a ido. Yaron wata mai haɗa sabulun ruwa ne. Ta sa shi ya farke buhun soda mai kilo 25 a tsakar gida, ga hunturu na kaɗawa, ba tabarau, ba safar hannu. Da ya zo karkaɗe gindin buhun, garin ya tashi ya watsu masa a fuska.

Na tambayi uwar ɗakin nasa me suka yi masa. Ta ce, "Sista, ai mun ɗiga masa manja, maƙwabciya ma ta tatsa masa nono." Daga nan suka wuce kemis, mai kemis ya sayar musu da maganin apolo, ya ce a rufe idon sai da safe. Sai da safe! Alhali ga duro cike da ruwan da za su jiƙa sodar, a gefen yaron, ba wanda ya kamfata ya zuba masa.

Da na ɗaga fatar idon dama, baƙin ya yi fari kamar idon dafaffen kifi. Muka yi ta wankewa da ruwan dirif, muka tura shi Asibitin Ido na Ƙasa da ke Mando. Na hagu ya tsira. Na dama ya tafi.

Soda ta fi asid mugunta a ido, don ba ta tsayawa a sama, ci take yi tana nitsawa. Ruwa ne maganin farko, mai yawa, ido a buɗe, aƙalla minti 30, sannan asibiti. Manja na miya ne.

Masu koyar da sana'a a kwana uku su ma haushinsu nake ji. Su ba mata ma'auni da satifiket, ba mai ambaton tabarau. A ruwa ake zuba soda, ba a zuba mata ruwa, zafi take ɗauka ta fantsamo. Kada a jiƙa ta a tukunyar alminiyam. Bakin buhu a ɗaure shi.

Kuma don Allah a daina ajiye jiƙaƙƙiyar soda a gorar ruwan sha. Yara na kurɓa, maƙogwaro ya ƙone ya tsuke, a koma ciyar da su ta tiyo a ciki. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. Manjan nan dai, ku bar shi a kicin.