Idan Fargaba Ta Zauna a Jiki

Tun da rikici ya ɓarke a Borno a 2009, waɗanda suka tsere zuwa Diffa, Chadi da arewacin Kamaru sukan zo asibiti da koke iri ɗaya: ciwon kai, zafin ciki, faɗuwar gaba da rashin barci. Sau da yawa a gwada jini, a tarar babu zazzaɓin cizon sauro.

Ku sani, tsoro yana sa jiki ya saki sinadaran da ke hanzarta bugun zuciya, domin mutum ya gudu ya tsira. A ranar hari wannan rahama ce. Amma idan fargaba ta yi watanni ba ta kwanta ba, jini yakan hau, sukari ya ƙaru, garkuwar jiki ta raunana.

Saboda haka ku riƙa auna jininku, ko da ranar kasuwa ce. In ya kai 140/90 a awo biyu, ku ga ma'aikacin lafiya, ku faɗa masa har abin da idonku ya gani a lokacin gudu, domin yana cikin ciwon. Ku guji tiramol na 'yan tebur, jaraba yake ƙara muku. Yaron da ya koma fitsarin kwance bayan hari kuwa, kada a doke shi, a kawo mana shi.