Idan Jar Fitilar Mai Ta Kama Bayan Garambawul

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani abu da na koya lokacin hutu a garejin kawuna. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma har yanzu akwai tsofaffin 504 da ake yi wa garambawul su koma kan titi. To, wani lokaci bayan an gama ɗaure inji, sai jar fitilar mai ta kama. Ma'anarta ita ce ƙarfin baƙin mai ya yi ƙasa. Mai hankali zai kashe inji nan take, domin in ƙarfe ya ci ƙarfe, cikin 'yan mintoci inji zai buga, kuɗin garambawul ya tafi a banza.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a Bakolori ya san famfo ruwa kawai yake turowa. Sai ka matse bakin tiyo da yatsa sannan ruwan ya yi ƙarfi. Haka mai yake a cikin inji. Famfo yana turo shi, amma matsattsun hanyoyin da yake bi su ke ba shi ƙarfi. Saboda haka laifin ko dai na famfo ne, ko kuwa wata hanya ce ta buɗe.

Bakanike na gari yakan fara da abu mai araha. Da farko a tsayar da mota a wuri mai daidai, a zaro sandar gwada mai. In man ya tsinke yana warin fetur, ko ya yi fari kamar madara, to fetur ko ruwa ya shiga cikinsa. Tsofaffin injuna a ƙasa mai zafi irin tamu yawanci 20W-50 ake zuba musu.

Na biyu, a kwance makunnin fitilar, a ɗaura agogon gwaji a gurbinsa, don sau da yawa makunnin ne ke ƙarya.

Na uku, a lura da abin da agogon ya nuna. In allurar ba ta tashi ba tun farko, a zargi famfo, ko rariyar da ke zuƙo mai daga kwanon ƙasa, wadda gam ɗin da aka cika shafawa yakan toshe. Haka kuma bawul ɗin rage ƙarfi yakan maƙale a buɗe. Amma in ƙarfin ya yi kyau da sanyi, ya faɗi da inji ya yi zafi, yawanci metal ne. Dalili kuwa, in an goge karanshaf kaurinsa yakan ragu, dole a sa metal mai kauri daidai da shi. Ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin silin gashi ba. In ta wuce haka, mai zai riƙa tserewa ta nan.

A ƙarshe, ina roƙon iyayenmu masu motoci kada su yarda a cire wayar fitilar, ko a zuba mai mai kauri don a rufe ciwo. Motar da za ta kai mara lafiya Gusau ba ta kamata ta mutu a daji ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.