DARASI: Yaron da Tsoro Ya Biyo Shi Makaranta

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8

Mun shirya wannan darasi domin malaman firamare, da malaman makarantar Lahadi, da zumuntar mata. A karanta shi a taro, a tattauna.

Dukanmu mun tuna daren 11 ga Disamba, 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabtanmu. Ranar 17 ga watan aka sako yara 344. Bayan kwana biyu kuma aka tare 'yan Islamiyya na Mahuta, a ƙasar Ɗandume, suna dawowa daga Mauludi, amma aka ƙwato su. A nan Musawa ma an buɗe wa masu Mauludi wuta a watan Nuwamba, 2023. Waɗannan rediyo ya faɗa. Amma yaran da suka kwana cikin gonar dawa, suna jin harbi, uwa ta toshe musu baki, ba wanda ya ƙidaya su. Yanzu suna zaune a azuzuwanmu, Kirista da Musulmi, benci ɗaya.

Sa'ad da yaro ya dawo gida lafiya mukan ce, "Mun gode Allah, magana ta ƙare." Godiya daidai ce. Amma maganar ba ta ƙare ba.

Ku duba 'yan tsaki in shirwa ta kawo sura. Ko bayan ta tafi, inuwar ganye ma takan sa su ruga. Haka Allah ya yi jikin mutum. In haɗari ya zo, zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jiki ya shirya gudu. Ga yawancin yara wannan yakan kwanta bayan 'yan makonni, in sun sami zaman lafiya da mai kula da su. Ga waɗansu kuwa jikin ba ya yarda cewa haɗarin ya wuce. Irin wannan yaro yana cikin aji, amma kunnensa yana bakin hanya. Babur ya wuce, sai ya zabura. Ba ya samun barci saboda mugun mafarki, don haka yake gyangyaɗi da safe. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina tuntuni. Wani kullum ciwon kai da ciwon ciki, ba zazzaɓi. Wata yarinya mai surutu ta yi tsit. Wani ya zama mafaɗaci, ba abin da yake ƙerawa da kara sai bindiga.

A nan ne muke yin kuskure, mu manya. Mukan ce taurin kai ne, ko daƙiƙanci, ko iskoki. Sai malam ya ɗauko tsumagiya. To, yaron da ya ga ana dukan ubansa da gindin bindiga, me bulala za ta koya masa? Mu kanmu mun taɓa yin wannan, kuma muna jin kunyarsa.

Ku lura da abin da ya faru da annabi Iliya. Ya gudu jeji don tsoro, har ya roƙi mutuwa. Mala'ikan bai fara da wa'azi ba, bai kuma tsauta masa ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sāke ba shi abinci. Magana sai daga baya.

Malam ba likita ba ne, amma yana da abin yi, ba kuwa sai da kuɗi ba. A riƙa buɗe makaranta a kan lokaci, a gai da kowane yaro da sunansa, a bi tsari ɗaya kowace rana, gama yaro mai firgita yana samun natsuwa in ya san abin da zai biyo baya. In yana so ya zauna inda zai ga ƙofa, a bar shi. In firgitar ta taso, kada a taru a kansa. Malam ya rage murya, ya ce, "Ɗana, kana makaranta, ga ni nan," ya sa shi ya ja numfashi ya hura a hankali kamar mai hura kunu mai zafi. Kada a rage lokacin wasa. Langa da gaɗa da ƙwallo, da zane, da ginin laka, da ban ruwa a lambun makaranta, duk magani ne.

Abu ɗaya muke roƙo ƙwarai. Kada a tilasta wa yaro ya ba da labarin abin da ya gani, ko a aji, ko a gaban baƙi, ko a tsai da shi a majami'a don ya ba da shaida. Littafin taimakon farko ga masu firgita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya hana matsa wa mutum haka. In shi da kansa ya fara magana, a saurara, kada a katse shi, kada kuma a kai zancen kasuwa. 'Yan matan da suka dawo daga daji sun fi kowa shan gori. Zumuntar mata, wannan aikinku ne: ku ziyarci uwar, ku hana bakin mutane, ku ga yarinyar ta koma aji, ba a gaggauta aurar da ita don rufin asiri ba.

In wata guda ya wuce abin bai ragu ba, sai a kai shi asibiti. In kuwa ya ƙi cin abinci, ko yana maganar kashe kansa, kada a jira ko kwana ɗaya, a kuma kulle maganin feshi da na ƙwari inda ba zai kai hannu ba. A fara da babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, su za su iya tura shi Shika a Zariya, ko Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano. Mu yi addu'a, mu kuma haɗa kuɗin mota.

Domin tattaunawa: Yara nawa ne a ƙauyenku suka daina zuwa makaranta tun bayan hari, wa ya je gidajensu? Malamin da shi ma aka sace ɗan'uwansa, wa yake sauraronsa?