Injin yanka mai karkarwa: ka fara da batir da baki kafin ka dubi injin

Mai ɗaura tayil ya iso bakin ƙofa, firam ɗin katako ya tare masa hanya. Ko dai ya yayyanka tayil ɗin ya zagaye firam, aikin ya fito da giɓi, ko ya sa guduma da cizal ya ɓantare gindin katakon, mai gida ya zo yana faɗa. Mai wayarin yana son 'yar kafa mai kusurwa huɗu a jikin silin, giranda ta yi masa girma, ga ƙura. Kafinta yana kwance tsohon kabad, ƙusa ta maƙale tsakanin katako biyu inda zarto ba ya shiga. Don irin waɗannan ƙananan ayyuka masu cin rai aka ƙera injin yanka mai karkarwa, wanda masu shago ke kira maltitul.

Bakinsa ba ya juyawa irin na giranda. Kaɗawa yake yi hagu da dama, 'yar kaɗan, wajen digiri 3 zuwa 4 kacal, amma har sau 20,000 a minti ɗaya. Shi ya sa za ka iya dasa shi a tsakiyar allo ya nutse kai tsaye, ko ka kwantar da shi a ƙasa ya share gindin firam daidai kaurin tayil, kuma ba ya fizge hannu. Asalin dabarar daga asibiti take. Duk wanda ya taɓa karaya aka cire masa filasta ya san zarton nan mai ƙara da ke tsaga filasta ya bar fata. Kamfanin Fein na Jamus ya ƙera irinsa a 1967, daga baya ya mayar da dabarar kan aikin katako da sunan MultiMaster. Da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare wajen 2008, sai kowane kamfani ya fito da nasa. Kada labarin filasta ya ruɗe ka dai: bakin da aka yi wa haƙora don katako yana yanka yatsa sarai.

Mafi yawan masu saye suna ɗaukar injin ne su juya shi, su ji nauyinsa, su tambayi farashi. Ni a ganina injin shi ne na uku a lissafi. Na farko batir, na biyu baki.

Kowane babban kamfani yana da gidan batirinsa, kuma galibi na wannan ba ya shiga injin wancan. Makita tana da LXT, Milwaukee tana da M18 da M12, DeWalt da Bosch kowa da nasa, Ingco da Total da suka cika kasuwanninmu su ma suna da nasu. Idan kana da diril mai batir da caja na wani kamfani kuma kana jin daɗinsa, an gama rabin shawara: nemi maltitul na gidan, ka saye shi tsurarsa, ba batir ba caja. Makita tana sa harafin Z a ƙarshen lambar injin da aka sayar haka, DeWalt kuwa N a kayan Turai, B a kayan Amurka. Sau da yawa batir biyu da caja sun kai kuɗin injin ko sun fi, don haka wannan ba ƙaramin rangwame ba ne. Idan kuma wannan ne injinka na farko mai batir, to ka sani gida kake zaɓa wa duk injinan da za ka saya nan gaba. Tambayi kanka: in batirin ya mutu bayan shekara biyu, a garin nan zan samu wani na asali, ko sai na yi aike?

Kada lambar bolt ta ja ka. Mai 18 da mai 20 abu ɗaya ne. Ƙwayoyin batir biyar ne a jere, kowace tana ba da 3.6 a cikin aiki, tana kai wa 4 in an cika ta. Wani kamfani ya rubuta jimlar farko, wani ta biyu. Amma in ka ga ɗan inji an lafta masa 88 ko 128 a jiki, ajiye shi ka ƙara gaba, wanda ya yi ƙarya a kwali ba zai yi gaskiya a ciki ba. Lambar da ke gaya maka daɗewar caji ita ce Ah. Mai 2.0 yana da sauƙin riƙewa, ya dace da aikin silin da hannu ke sama. Mai 4.0 ko 5.0 ya fi dacewa da goge katako da kankare fenti, inda injin ke daɗewa a kunne. Batirin bogi ya yi yawa, kuma awo na tona masa asiri. Mai 5.0 na gaske galibi ƙwayoyi goma ne a cikinsa, layi biyu, yana da kauri da nauyi. Siririn batir maras nauyi da aka rubuta wa 9.0 ba ya buƙatar dogon bincike. Akwai kuma 'yar mahaɗar da ake sayarwa don sa batirin wani kamfani a injin wani. Tana aiki, sai dai wasu kamfanoni a cikin inji suke sa abin da ke hana batir zuƙewa har ƙasa, wasu a cikin batir, kuma in aka haɗa aure tsakanin biyun batir na iya rasa mai tsaronsa ya mutu da wuri.

Mai sayen na hannu da aka shigo da shi daga Amurka ya juya cajar ya karanta bayanta kafin ya biya. Wutarsu 120 ce, tamu 230. Cajar da aka rubuta wa 120 kaɗai, da ka jona ta ta ƙone. Ko ka nemi taransifoma mai rage wuta, ko ka sayi cajar da aka yi don Turai, batirin dai ɗaya ne. Ƙaramin janareto mai wasa da wuta shi ma maƙiyin caja ne. Inbata ko sitabilaiza ya fi aminci. Batirin litiyom kuma ba ya son zafi: kada ka bar shi a rana ko cikin but ɗin mota a watan Afrilu, kada ka ɗora shi a caji yana fitowa daga aiki da zafinsa.

Yanzu baki, inda kuɗin gaske ke tafiya. Injin sau ɗaya za ka saya, baki kuwa kullum cinyewa yake. Kuma ba kowane baki ke hawa kowane inji ba. A 2016 Bosch da Fein suka fito da mazaunin baki mai suna Starlock, mai siffar murfin kwalba. Danna shi kake yi ya kama, ka ja hannu ya faɗo, ba ya kwancewa, kuma ƙarfin injin yana isa haƙora ba tare da ya zube a hanya ba. Hawa uku ne, Starlock da StarlockPlus da StarlockMax, injin babban hawa yana ɗaukar bakin ƙaramin, na ƙaramin ba ya ɗaukar na babban. Matsalarsa ɗaya ce amma babba: injin Starlock ba ya karɓar komai sai bakin Starlock, shi kuwa da tsada, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Injinan da ke da tsohon mazauni mai 'yan ƙusoshi a zagaye, ko mai matsewa irin na DeWalt, suna karɓar bakunan gama-gari masu arha da ake sayarwa goma-goma ko ashirin-ashirin a kwali.

Ga yadda nake kallon abin. Wanda ke aikin kicin da kabad na manyan gidaje a Abuja ko Kano, yana da hanyar samun kaya, yana kuma iya saka kuɗin baki a lissafin kwangila, Starlock ya fi masa. Kafintan da ke gari mai nisa da manyan dillalai ya ɗauki mai karɓar gama-gari. Inji mai tsada da aka rasa masa baki ado ne a akwati. Kafin ka ƙirga kuɗi, ce wa mai shago ya fito da bakunan da yake da su, ka ɗora ɗaya da hannunka. Ka kuma guji wanda sai da ɗan makullin nan mai kusurwa shida ake canja masa baki. A aiki ɗaya za ka iya canjawa sau da yawa, makullin kuma ba ya kwana biyu bai ɓace a cikin dusar katako ba.

Rubutun da ke jikin baki yana da ma'ana. HCS na katako ne da roba da allon silin kawai. Ya haɗu da ƙusa ɗaya haƙoransa sun tafi. BIM na katako mai ƙusa ne da siririn ƙarfe, shi ya kamata ya fi yawa a jakarka in aikin gyara kake yi. Mai haƙoran kabayid ya fi tsada, shi ke iya wa sukuru da ƙarfe mai tauri, kuma yana daɗewa har ya mayar da kuɗinsa. Mai dogayen haƙora irin na zarton Japan yana yanka katako da sauri da tsabta. Mai siffar rabin wata da aka barbaɗa wa tsakuwar kabayid ko daimon shi ke cire simintin da ke tsakanin tayil, in ana son a ɗaga wanda ya fashe ba a taɓa na kusa da shi ba. Sai faffaɗan makankari na gam da fenti, da 'yar tafin samfefa mai kusurwa uku da ke shiga lungu.

Sai injin kansa. Nemi wanda ba ya amfani da kabon, za ka ga an rubuta Brushless ko BL a jikinsa. Ba ya zafi da wuri, caji ya fi daɗewa, kuma babu kabon da ƙura za ta cinye. Faɗin kaɗawa yana nuna halin injin: Bosch GOP 18V-28 yana yin digiri 2.8, DeWalt DCS356 yana yin 3.2, Makita DTM52 yana yin 3.6, na Milwaukee M18 Fuel kuwa 4.2. Mai faɗi ya fi saurin ci, ya dace da magini da mai rushe tsohon aiki. Mai ƙaranci ya fi biyayya a yanka mai laushi. Lallai ya zama ana iya rage masa gudu, domin roba narkewa take a babban gudu, ƙarfe kuma yana ƙona haƙora. Mai wayarin ko mai aikin famfo da ke yini a kan tsani ya duba masu bolt 12, sun ishe shi yanka bututun roba da allon silin.

Abin da kwali ba zai gaya maka ba shi ne girgiza. Ce a sa batir a kunna. Riƙe shi minti ɗaya a babban gudu, in da hali ka nutsa shi a guntun katako. In yatsunka sun fara tsami tun a shago, ka ƙiyasta yadda za su zama bayan awa guda. Injinan kirki an raba motarsu da gangar jiki da roba mai shanye girgiza, kuma bambancin a tafin hannu ake jin sa. Duba kaurin mariƙin ko hannunka na zagaye shi, da inda makunnin yake, ko babban yatsa na kai masa ba ka saki riƙo ba.

In ka kai shi gida, kada ka danna shi da ƙarfi. Bar haƙora su ci, kana ɗan karkaɗa bakin gefe da gefe don dusa ta fita, musamman a katako mai tauri kamar maɗaci. Da ka ga hayaƙi ko baƙin tabo, ka ɗaga ya huce. Kada ka ɗora masa abin da ba nasa ba: tsaga dogon filawud aikin zarto mai zagaye ne, rodi da bulo aikin giranda. Ƙararsa tana da kaifi, toshe kunne, sa tabarau da takunkumi. Kashe wutar gida kafin ka nutsa shi a bango ko silin da ba ka san abin da ke bayansa ba. In kuma tsohon gida ne mai silin asbestos, kada ka kusance shi da wannan inji ko da samfefa, ƙurarsa tana haddasa cutar huhu da daji bayan shekaru, kuma takunkumin yadi ba ya tare ta.