Littafin Amir Hamza A Fadar Sarki Akbar

A cikin sarakunan Mugul da suka mulki ƙasar Indiya, Sarki Akbar, wanda ya yi sarauta daga 1556 zuwa 1605, ya shahara da son littattafai, ko da yake shi kansa bai iya karatu ba, sai dai a karanta masa. Wajen shekara ta 1562 ya yi umurni a rubuta masa hikayar Amir Hamza da Farisanci, a kuma ƙawata ta da zane.

Gwanaye biyu mutanen Farisa, Mir Sayyid Ali da Abdus Samad, waɗanda mahaifinsa Humayun ya kawo, su suka shugabanci aikin bi da bi, masu zane Musulmi da Hindu suna ƙarƙashinsu. An yi kimanin shekara 15 kafin a gama zane 1,400 cikin mujalladi 14. A kan ƙyallen auduga aka yi zanen, rubutun kuwa yana bayansa. Yau abin da ya rage bai wuce 200 ba, kimanin 60 suna birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya. A waɗansu an goge fuskokin mutane, saboda ƙyamar da ake yi wa zanen mai rai.

To, abin lura shi ne, Hamzan wannan littafi sunan baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kawai ya ara. Hikayar ta kai shi Dutsen Ƙaf, ya yi yaƙi da aljannu da matsafa, har ya auri 'yar Sarki Anushirwan. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a littattafan sira.

Sayyidina Hamza na gaskiya, Allah ya yarda da shi, ya musulunta a Makka ran da ya bugi Abu Jahal da baka saboda ya zagi Annabi. Ya halarci Badar, ya yi shahada a Uhudu shekara ta 3 bayan Hijira, watau 625, Wahshi ya jefe shi da mashi.

Saboda haka wajibi ne mai neman ilmi ya bambanta hikaya da tarihi. Zanen fadar Akbar shaida ce ta gwanintar mutanen zamanin, amma wanda ke son sanin Zakin Allah sai ya nemi malaman sira. Allah shi ne Masani.